Mikin Da Ba Ya Jini: Darasi Daga Aikin Jiyyar Kutare

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗejiya ya san halin kogi. Da damina ya kan cika ya malale fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, in kaka ta wuce sai ya janye, har baƙo ya zaci an rabu da ruwa. Amma manomin fadama ya san ba haka ba ne, gama in ya haƙa ƙasa kaɗan zai tarad da ruwan yana nan kwance. To, haka baƙin ciki ya ke a zuciyar ɗan Adam. Masifa ta kan wuce, jama'a su ce wane ya warke, alhali kuwa abin yana nan a ƙasa. Yau muna so mu duba yadda Kirista su ke fahimtar irin wannan ɓoyayyen miki da maganinsa. Ba mu ga inda za mu ɗauko misali da ya fi aikin jiyyar kutare ba.

ASALIN AIKIN

A zamanin En'e ƙasar Haɗejiya tana cikin Lardin Kano ne, tun kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991. Mishan na Sudan Interior, wanda aka kafa a 1893, ya yi tasha a Garun Gabas kusa da Malam Madori, inda hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta bi. A 1937 ne, da yardar Sarakuna da Gwamnati, mishan ɗin ya karɓi aikin manyan gidajen kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Ba a rasa gardama ba a kan wa'azin da a ke yi a waɗannan wurare, musamman ga yara, domin yawancin majiyatan Musulmi ne. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye ta ba. Amma akwai wani abu da ma'aikatan nan su ka gane wanda ya cancanci kowa ya sani, ko mene ne addininsa.

A dubi sunan nan Yadakunya. Ba ciwo ya ce a yar ba, kunya ya ce. Wanda ya san kuturta ya san dalili.

CIWO BIYU A JIKI ƊAYA

A ɗauki misalin masunci a bakin kogin Haɗejiya. Wata rana ya ga tabo mai haske a damtsensa, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Sai ya rufe da riga, bai gaya wa ko matarsa ba. Shekara ta juyo, yatsunsa sun daina ji. Yana bandar kifi wuta ta ƙone shi bai sani ba, ƙugiya ta soke shi bai ji ba. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ba cutar ce ta ke cinye yatsu ba. Jijiyoyin ji ta ke kashewa, sa'an nan raunin da mutum bai ji ba, bai kuwa kula da shi ba, shi ke ruɓewa har gaɓa ta lalace.

Wannan ciwo na farko ke nan. Na biyu ya kan zo ran da asiri ya tonu. A ware masa ƙwaryarsa da buzunsa. Abokan da su ke cin tuwo akushi ɗaya su janye hannu. Dangin mata su zo neman saki. 'Yarsa ta isa aure, manema su watse. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya doke shi, amma ya riga ya ji a ransa cewa shi ƙazanta ne, watakila ma Allah ya yi fushi da shi.

Ciwo na farko an sami maganinsa. Likita Hansen na ƙasar Nowe ya gano ƙwayar cutar a 1873. A ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe ya gwada ƙwayar dafson ta haɗiya a Uzuakoli, nan Nijeriya, aka ga amfaninta. A 1981 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya su ka ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Wata 6 ko 12 mutum zai sha ya warke. Cutar ba ta gado ba ce, yawancin mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita, wanda ya fara shan magani kuma ya daina yaɗa ta. Amma fa babu ƙwayar da za a haɗiya ta fid da kunya daga zuciya.

ABIN DA KIRISTA SU KE KOYARWA

Malaman Kirista su kan fara da labarin da ke cikin Linjila ta hannun Markus, sura ta 1. Wani kuturu ya zo wurin Yesu Almasihu yana roƙo. Kafin ya warkar da shi sai ya miƙa hannu ya taɓa shi, abin da dokar wancan zamani ta sa kowa ya ke gudu. Bayan ya warke kuma ya aike shi wurin firist don a shaida tsarkinsa, watau a buɗe masa hanyar komawa cikin jama'a. Masu karatu Musulmi sun san Alƙur'ani mai girma ma ya ambaci warkarwar da Annabi Isa ya yi da izinin Allah.

Daga irin wannan labari su ke fid da matakai uku na abin da su ke kira sabuntawar ruhu. Na farko, mutum ya buɗe baki. Sun ce Zabura cike ta ke da kukan bayin Allah waɗanda ba su ɓoye ɓacin ransu ba, saboda haka faɗar damuwa ga Allah, da kuma ga amintaccen ɗan'uwa, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Mu Hausawa mu kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna yabon mai riƙe sirri. Haƙiƙa riƙe sirri hali ne na kirki, amma mikin da aka ɗaure ba a wanke ba, ƙarshensa ɗoyi.

Na biyu, gafara. Ba su ce a musanta cewa an yi wa mutum laifi ba. Abin da su ke nufi shi ne wanda aka wulakanta ya sauke kayan ƙiyayya, domin shi ke ɗauke da su, ba waɗanda su ka guje shi ba. Sun kuma yarda wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Na uku, komawa cikin zumunci, a ba mutum wurin zama da aikin yi, ya san ana bukatarsa. Shi ya sa a gidajen jiyyan nan aka riƙa koyar da karatu da noma da sana'a, har waɗansu majiyata su ka zama ma'aikatan jiyya da malamai.

MAWAƘIN UZUAKOLI

Wanda ya fi kowa shahara a wannan hanya shi ne Ikoli Harcourt Whyte, mutumin Abonnema, wanda aka haifa a 1905. Cutar ta kama shi tun yana yaro, aka kai shi gidan kutare na Uzuakoli a 1932. A can ya shiga tsara waƙoƙin yabon Allah da harshen Ibo, har su ka haura 200, ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta majiyata. A 1949 likitoci su ka tabbatar ya warke, amma ya zaɓi zama tare da 'yan'uwansa, yana koyar da su har rasuwarsa a 1977. Mutanen da dā a ke gudun inuwarsu, sai ga shi ana gayyatarsu majami'u ana sauraronsu. Magani ya warkar da fatarsa, amma samun abin da zai ba jama'a shi ya mai da masa da mutuncinsa.

NAMU AIKIN

Cikin shekarun 1970 gwamnatoci su ka karɓi yawancin asibitocin mishan. A 1998 Nijeriya ta rage cutar zuwa ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, amma har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa kowace shekara, da yawansu kuwa ba su zuwa asibiti sai gaɓa ta lalace. Ba tsadar magani ke hana su ba, tsoron bakin mutane ne. Ashe ɓoyayyen miki shi ke haifar da na fili.

Kuma ba kutare kaɗai ke ɗauke da shi ba. Akwai matar da yoyon fitsari ya raba da ɗakinta. Akwai magidancin da ambaliyar 2022 ta cinye masa gona da rumbu, ya koma karɓar taimako bayan dā shi ke bayarwa. Waɗannan su kan yi dariya a kasuwa, amma labarin zuciya a tambayi fuska.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta: in ɗan wanda ya yi kuturta ya zo aji, kada a ware masa benci, a kuma tsawata wa masu yi masa waƙar tsiya. In an ga tabon da ba ya ji a jikin yaro, a kira uban a keɓe a nuna masa hanyar asibiti. Ku kuma akawuna, in mai dungu ya kawo takarda, a karɓa da hannu, a ba shi kujera, a kira shi da sunansa, ba da sunan ciwonsa ba. Wanda damuwa ta hana shi barci da abinci, a raka shi wurin likita, gama addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, na fili da na ɓoye, ya kuma sa mu zama masu miƙa hannu. Amin.