Jirgin Ƙasan Lambu Da Motar Langalanga

Yaron da aka haifa a Salaga ko Yendi ko Bawku yana iya girma har ya yi aure bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, bai kuwa wuce ta zuwa arewa ba. Sabon layin Tema zuwa Mpakadan da aka ƙaddamar a 2024 shi ma a kudu ya tsaya. Saboda haka mai karatu zai yi mamakin jin cewa a Ingila da Jamus akwai magidanta, da yawansu masu furfura, waɗanda ke shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a lambun bayan gida, da gadoji da tashoshi, jirgi yana kewayawa tsakanin furanni.

Abin ya daɗe. A garin Beaconsfield na Ingila wani akanta mai suna Roland Callingham ya gina ƙaramin ƙauye mai suna Bekonscot da jiragensa, aka buɗe shi ga jama'a a 1929. A 1968 kuma kamfanin Lehmann na Nuremberg ya fito da jiragen LGB waɗanda aka ƙera don su jure ruwa da rana. Faɗin dogonsu milimita 45 ne, wajen yatsu uku a jere.

Sayen jirgin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Kiwonsa ne aiki. Yawancin waɗannan jirage ta cikin dogon suke shan wutar lantarki marar ƙarfi, ta bi ƙafafun kan jirgi ta shiga injin. Dogon kuwa galibi na tagulla ne, kuma tagulla tana dushewa a sarari. Da zarar dauɗa ta rufe samanta, ko kashin tsuntsu ya faɗa, sai jirgi ya riƙa sarƙewa yana tsayawa. Dole mai shi ya durƙusa ya goge dogo kafin wasa, ya share ganyaye, ya gyara tsakuwar da ruwa ya kwashe daga ƙarƙashi. Ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, don haka ana barin 'yar tazara a kowace mahaɗa, in ba haka ba dogo ya tanƙware. Mu da muka san zafin bazarar Bawku da ƙurar hunturu, ga kuma gara mai cinye duk katakon da ya taɓa ƙasa, mun san cewa a wajenmu wahalar sai ta ninka.

Taragai ma suna da nasu ciwon. In tarago yana yawan sauka daga dogo a wuri guda, laifin na dogo ne. In kuwa ko'ina yake sauka, a duba ƙafafunsa, wataƙila tazarar da ke tsakaninsu ta goce, ko ƙugiyar da ke haɗa shi da ɗan'uwansa ta lanƙwashe. Mai kuwa ɗigo ɗaya ya isa, domin yawansa yana tara yashi, yashi kuma ya cinye haƙoran giya. Lokacin da kamfanin Lehmann ya durƙushe a 2006, kafin Märklin ya karɓi LGB a 2007, wanda ya iya gyara da hannunsa shi ne bai damu ƙwarai ba.

A nan ne muke ganin ba mu da nisa da su. Wane ne cikinmu bai ja motar langalanga a lungunan Zango ba? Gwangwanin madara ko na kifi a buɗe shi a daddale, a yanko ƙafafu daga tsohon silifas, a soke waya ta riƙe su, wani ma har da sitiyari mai dogon kara. Rabin yini yakan tafi ne a gindin bishiya ana gyara: ƙafa ta fice, waya ta karkace, mota tana jan gefe guda. Yaro ya duba, ya gwada, ya gano dalili. Irin tambayar da dattijon Ingila yake yi wa taragonsa ita ce yaron Yendi yake yi wa gwangwaninsa, sai dai shi ba ya da kantin sayen kayan gyara, juji ne kantinsa.

Abin da ke damunmu shi ne motocin roba na kasuwa suna ture wannan wasa. Ana saye da Sallah, kafin sati ya zagayo sun fashe, kuma babu inda za a kama a gyara. Iyaye mata kan yi faɗa cewa yaro yana tara tarkace a ɗaki, kuma suna da hujja, domin bakin gwangwani yana yanka, tsatsa kuma tana da haɗari. Amma maimakon a watsar da kayan, gara uba ko yayan yaron ya naɗe masa bakin ƙarfen da filaya, ya ba shi wani tsohon kwando na ajiya, a kuma tabbata an yi masa allurar rigakafin sandarau. Wanda ya ɗaura gwangwani biyar a jere da waya, ya ja layi biyu a ƙasa, to, a bar shi. Jirgin Salaga ne ya ƙera tun hukuma ba ta kawo nata ba.