Yadda ake zubin kayan ado da kakin zuma

Abin wuyan nan na azurfa da ake kira gicciyen Agadas, wanda maƙeran Abzinawa suka yi suna da shi, asalinsa ba da guduma ake fitar da siffarsa ba. Zuba shi ake yi, kuma tun kafin azurfa ta ga wuta an gama rabin aikin a jikin kakin zuma.

Maƙeri zai gasa kakin ya yi laushi, ya murza shi da yatsu, ya yanke da wuƙa har ya fito da kamannin abin da yake so, sannan ya liƙa masa 'yar wutsiya. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu. Shafin farko dole ya zama mai laushi ƙwarai, don shi ke kwashe duk wani zane, har sawun farce in an bari. Na waje kuwa akan cuɗa shi da kashin dabbobi saboda kada ya tsage a wuta. Idan ya bushe sai a ɗora kan garwashi. Kaki ba ya jure zafi, bai kai digiri 65 ba ya narke, ya tsiyaye ta kafar wutsiyar nan, ya bar rami mai siffarsa sak.

Azurfa ita ce mai taurin kai, sai zafi ya kai digiri 962 take zama ruwa, shi ya sa za ka ga yaron maƙera yana ta fama da zugazugi. A da tsoffin kuɗin Ostiriya masu hoton Mariya Tereza da shekarar 1780 ake narkarwa. Zubin kansa ba ya son jinkiri. In yumɓun ya huce, ruwan zai daskare bai cika rami ba. In da sauran danshi, zai tofo ko ya bar ƙananan huji. Bayan ya yi sanyi sai a fasa yumɓun, a datse wutsiya, a bi da magagari, a yi zane, a goge.

Tunda kaki ya tafi, yumɓu ya fashe, kowane ɗaya sai an sake shi daga farko. Haka aka zuba tagullar Igbo-Ukwu da ta Ife da Benin, haka Asante ke zuba zinariyarsu a Kumasi.

Amma kada ɗan kasuwa ya ruɗe ka da cewa duk zubi guda ɗaya ne tilo. Masana'antun zamani suna buga ɗaruruwan kaki iri ɗaya daga mazubin roba, su jera su kamar rassan bishiya, su zuba a tashi ɗaya.