Koje, Aku da Mutanen Wata: Darasin Kimiyya Daga Labaran Barkwanci a Kan Jarida

Gabatarwa

Ɗalibin da ke zaune a Limawa, ko wata unguwa ta Dutse, kullum labarai na zuwar masa ta rediyo da jarida da wayar hannu. Wasu sun shafi lafiyarsa, wasu sun shafi gonar mahaifinsa, kuma ba duka ne gaskiya ba. Tun da daɗewa marubutan ƙagaggun labarai na ban dariya suka lura da wannan rauni na masu yaɗa labari, suka yi ta yi musu zambo ta bakin tsuntsaye da aljannu da halittun da babu su. Wannan maƙala za ta duba kaɗan daga cikin irin waɗannan labarai, ta nuna yadda ilimin halittu ke taimaka wa mai karatu ya rarrabe tsaki da tsakuwa.

Koje Sarkin Labari

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga cikin littattafan da suka yi nasara akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Littafin ya buɗe ne da wani motsattse mai suna Koje Sarkin Labari, wanda ba shi da sana'a sai yawo gari gari yana tattara labarai, ya kai wa sarakuna da attajirai, su kuma su ciyar da shi. A Kwantagora ya haɗu da Alhaji Imam, wanda ya cika masa kunne da labarin tafiyarsa neman ruwan magani, da karonsa da Malam Zurƙe.

Littafin ya riga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo fitowa da shekara 5, amma duk ɗan jaridar da ya karanta shi zai ga inuwarsa a jikin Koje. Mutumin da abincinsa ya dogara ga labari, dole ya fi son labarin da zai burge mai ba shi abincin. Abin sha'awa kuma, a watan Janairu na 1939 shi Abubakar Imam ɗin ne ya zama editan wannan jarida, wadda sunanta kansa gargaɗi ne ga masu fifita kwabo a kan gaskiya.

Aku: Maimaitawa da Fahimta

A cikin Magana Jari Ce, wanda ya fito a juzu'i 3 daga 1937 zuwa 1939, Imam ya ɗora aikin ba da labari a kan aku. Wannan tsuntsu ya yi ta riƙe Musa ɗan sarki da labarai don hana shi fita daga fada, har daga baya aka naɗa shi waziri. Wato dai labari makami ne, kuma mai bayar da shi yana da manufarsa.

To, me kimiyya ta ce game da aku na zahiri? Aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda masana ke kira Psittacus erithacus, ba shi da tantanin murya irin na ɗan'adam. Sautinsa na fitowa ne daga wata gaɓa mai suna sirinkis, wadda ke can ƙasan maƙogwaro, daidai inda bututun iska ya rabu biyu ya nufi huhu. Da ita da harshensa mai kauri yake kwaikwayon magana. Yawancin akun da ake kiwo a gida suna maimaita sallama ba tare da sanin ma'anarta ba. Sai dai daga 1977 zuwa 2007 wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta horar da wani aku mai suna Alex, har ya iya faɗin sunayen abubuwa kusan 50, da launuka 7, da ƙidaya zuwa 6. Bambancin Alex da sauran aku shi ne an koya masa danganta kalma da abin da take nufi. Haka ma bambancin ɗan jarida nagari da mai kwafe sanarwa yake.

Mutanen Wata

Ranar 25 ga Agusta 1835 jaridar The Sun ta birnin Niyok ta fara buga jerin rahotanni 6, tana cewa masanin taurari John Herschel, wanda a lokacin yake bincike a Afirka ta Kudu, ya hango dazuzzuka da tekuna da dabbobi a duniyar wata. Har ta ce ya ga wasu mutane masu fukafukai irin na jemage. Jama'a suka yi ta rububin sayen jaridar. Herschel kuwa bai ga komai irin wannan ba. Wani ma'aikacin jaridar ne, Richard Adams Locke, ya ƙaga labarin, kuma daga bisani ya ce zambo ya nufa.

A yau ɗalibin sakandare zai iya rushe wannan rahoto. Fiffiken jemage fata ce shimfiɗe tsakanin dogayen yatsu, kuma yana ɗaga jemagen ne ta hanyar tura iska ƙasa. Wata ba shi da iskar da za a tura, balle wadda za a shaƙa. Ba shi kuma da ruwa mai gudana da itace zai sha. Saboda haka tun kafin a tambayi wanda ya kawo labarin, dokokin halitta sun riga sun ƙaryata shi.

Editan da Bai San Gona Ba

A 1870 marubucin Amurka Mark Twain ya fitar da wani gajeren labari na mutumin da aka ba riƙon jaridar manoma alhali bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya shawarci masu karatu su riƙa girgizo wani amfanin gona daga bishiya, bayan kuwa a cikin ƙasa yake yin saiwa kamar dankali. Ya kuma ɗauki kashin tsuntsayen teku da ake taki da shi a matsayin sunan wani tsuntsu. Abin dariyar shi ne cinikin jaridar ƙaruwa ya yi.

A kwatanta wannan da Dutse, garin da ya yi suna da dabino, inda Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya ke da reshen binciken dabino. Manomi ya san dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya, bayan garin furen namiji ya isa gare ta, ko ta iska ko ta hannun mai gona. Da wani edita zai rubuta cewa a sare duk dabinon da ba ya 'ya'ya, manomin Limawa dariya zai yi. Wanda bai san gona ba kuwa, sai ya sare mazan ya rasa amfanin matan.

A Ingila ma, Terry Pratchett ya buga littafinsa The Truth a 2000. Duniyar labarin faifai ce a bayan giwaye 4 da ke tsaye kan ƙaton kunkuru. A can wani saurayi, William de Worde, ya kafa jaridar farko ta birnin Ankh-Morpork, sai kishiya ta taso tana ƙaga labaran al'ajabi, mutane kuma suka fi sayenta. Har kare aka yi hira da shi a matsayin shaida.

Inda Dariya ke Ƙarewa

A cikin littafi, ƙarya dariya take jawowa. A rayuwa kuwa takan jawo makoki. A 2003 jita-jita game da allurar rigakafin shan inna ta sa aka dakatar da ita a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004. A tsakanin haka cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da dama suka nakasa. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Har ila yau, a watan Agusta na 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya zagaye wayoyin 'yan Nijeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Aƙalla mutum 2 suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Gishiri mai yawa a cikin jini yana janyo ruwa daga ƙwayoyin halittar jiki, ya wahalar da ƙoda, ya tayar da hawan jini. Ƙwayar Ebola kuwa, da ke yaɗuwa ta taɓa jini da sauran ruwan jikin majiyyaci, tana hayayyafa ne a cikin ƙwayoyin halitta, inda wanka ba ya kaiwa.

Kammalawa

Marubutan barkwanci ba ƙiyayya suke yi da jarida ba, domin Imam da Twain da Pratchett duk sun yi aikin jarida. Sun san inda baki ke karkata, suka nuna ta nan yawu ke zuba. Abin da ya rage ga ɗalibi shi ne ya riƙa tambaya: wa ya gani da idonsa, me mai labarin zai samu, kuma shin maganar ta dace da abin da aka gwada a ɗakin bincike? Yana da kyau malaman kimiyya su riƙa kawo rahoton lafiya ko na noma cikin aji sau ɗaya a mako, ɗalibai su auna shi da darasin da suka koya. Wanda ya saba da haka tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, da wuya a tashe shi da tsakar dare a sa shi shan gishiri.