Haɗa Na'urar Ƙara Sauti a Tudun Wadar Zariya: Sana'a, Sha'awa da Harshen Rumfar Gyara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda na'urar ƙara sauti take aiki, da yadda haɗa ta da hannu ya samu gindin zama a unguwa irin Tudun Wadar Zariya. Ta kwatanta wannan da al'adar masu haɗa ƙaramar na'urar sauraro ta kunne a ƙasashen Turai da Amurka, sannan ta nuna cewa rumfar mai gyaran rediyo wuri ce da ake ƙirar kalmomin fasaha na Hausa, wanda kuma manazarta ba su mai da hankali a kansa sosai ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kwana a Tudun Wada ya san cewa lasifika ce ke buɗe ranar unguwar da kiran assalatu, ita ce kuma ke raka ta har dare da karatun masu wa'azi da tallan masu magani da kiɗan gidan biki. A bayan kowace lasifika akwai wani akwati da ido bai cika kai wa gare shi ba, wanda masu sana'ar ke kira amfilifaya. Wasu daga cikin akwatunan nan 'yan kamfani ne, wasu kuwa haɗin gida ne, ko kuma an yi ta gyara su ana sauya kayan cikinsu har babu abin da ya rage na asali sai gangar jiki. Masu wannan aiki su ne abin nazari a nan, tare da ilimin da ke hannunsu da kalmomin da ke bakinsu.

2.0 Waiwaye

Tudun Wada ta kafu ne a zamanin mulkin mallaka, tsakanin Birnin Zazzau da Sabon Gari, a matsayin mazaunin 'yan Arewa da ba 'yan asalin birni ba. Saboda haka tun farko ta tara malamai da akawuna da masu sana'o'in zamani. A wannan yanki aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da Alhaji Abubakar Imam a matsayin edita. Daga baya kuma Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a 1962, ta zama maƙwabciya ta ɓangaren harabarta da ke Kongo.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da sautin lantarki ya yaɗu a Arewa ita ce rediyon waya, wato akwatin da ake jona wa waya daga tasha guda, wanda aka fara a Kano a 1944. Brian Larkin ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa Signal and Noise na 2008. Abin da ya sauya al'amura shi ne ƙirƙiro tiransista a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka a 1947. Da ita rediyo ta ƙanƙance, ta koma aiki da batir, ta shiga hannun manomi da ɗan tireda. Sashen Hausa na BBC ya fara shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kamfanin Philips kuma ya fito da kaset a 1963. Yawaitar waɗannan kaya ita ta haifar da mai gyaran rediyo, daga gyara kuma aka kai ga haɗawa, domin wanda ya daɗe yana kwance abu wata rana zai iya ɗaure nasa.

3.0 Yadda Na'urar Ke Aiki

Sautin da ke fitowa daga makirfo ko wayar salula ƙaramin motsi ne na lantarki, wanda bai isa ya girgiza lasifika ba. Aikin amfilifaya shi ne ta ɗebo ƙarfi daga batir ko wutar gari, ta siffanta shi daidai da wancan ƙaramin motsi. Misalinta kamar mai gadin madatsar ruwa ne: da ɗan murɗa ƙarfe yake sarrafa ruwa mai yawa, amma ba shi ya kawo ruwan ba.

Sassanta na asali huɗu ne. Akwai sashen wuta, inda taransifoma ke rage ƙarfin wutar gari daga bolt 230, a daidaita ta, sannan manyan kafasita su tace ta. Akwai sashen shigar sauti, inda maɓallin ƙara murya yake. Akwai sashen ƙarawa, wanda tiransistoci ko ayisi ke gudanarwa. Na ƙarshe shi ne mafita, inda ake jona lasifika, wadda ita kanta naɗin waya ce a cikin maganaɗisu, tana tura faifan takarda gaba da baya.

Lissafi ɗaya ne ya raba na'urar kunne da ta masallaci. Idan aka ninka ƙarfin turawar wuta da kansa, aka raba da turjiyar lasifika, za a sami ƙarfin da ya fita. Bolt 1 a kan abin sauraro na kunne mai om 32 yana ba da wajen miliwat 31, wanda ya wadatar da kunne har ya yi yawa. Bolt 20 a kan lasifika mai om 8 kuwa wat 50 ne. Shi ya sa ɗan koyo kan fara da ayisi ƙarama irin LM386 mai ƙafa takwas, wadda batir mai bolt 9 ke ɗauka, kuma take ninka sauti daga sau 20 zuwa 200. In hannunsa ya faɗa sai ya hau TDA2030, daga nan ya kai ga tagwayen tiransistocin nan, 2SC5200 da 2SA1943, waɗanda ake jerawa a kan farantin alminiyam don ya zuƙe zafinsu.

4.0 Sautin Kunne Ɗaya da Sautin Jama'a

A ƙasashen Yamma wannan aiki ya fi zama abin sha'awa na mutum shi kaɗai. Tun da kamfanin Sony ya fitar da Walkman a 1979 sauraro ya fara komawa cikin kunne. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai suna Chu Moy ya wallafa zanen wata 'yar na'urar ƙara sauti ta kunne a intanet, aka riƙa kiran ta CMoy, masu sha'awa suna haɗa ta cikin gwangwanin alewar Altoids. Burinsu shi ne tsabtar sauti, don haka suka fi son batir, wanda ba ya shigo da gurnanin da wutar gari ke kawowa.

A ƙasar Hausa burin ya sha bamban. Al'ummar da ta saba da sanƙira da maroƙi da ladan tana auna sauti ne da nisan da ya kai da yawan waɗanda suka ji. Mai haɗawa a Tudun Wada yakan yi tunanin ƙura da zafin bazara da wutar da ke hawa da sauka da janareta, sannan ya yi tunanin ko akwatin zai yi aiki da batirin mota ranar da aka ɗauke wuta ana tsakar huɗuba. A nan sha'awa da neman abinci ba su rabu ba. Yaron da ya fara da haɗa ɗan akwati a cikin jarka ko kwali don jin waƙa a ɗakinsu, shi ne gobe za a kira ya gyara na'urar masallacin layinsu. Koyon kuma yana bin tsarin da aka sani a ƙira da dukanci: maigida da yaransa, kallo kafin taɓawa, aike zuwa Sabon Gari sayo kaya, sannan a miƙa wa yaro ƙarfen narka dalma.

5.0 Harshen Rumfa

Kalmomin wannan sana'a sun kasu gida uku. Na farko aro ne da aka hausantar, kamar lasifika da batir da mita da kwayil da kafasita, inda ake ganin yadda Hausa ke raba cunkoson baƙaƙe da wasali, take kuma mai da harafin da babu shi a cikinta zuwa mafi kusa. Na biyu faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma ne. Wuta ta zama lantarki, dalma ta zama abin liƙa wayoyi, sandunan tiransista sun zama ƙafafu. Na uku shi ne siffanta na'ura da mai rai: ana cewa ta mutu, ta tashi, tana shan wuta, tana kuka, murya ta shaƙe. Wannan rukuni na uku ya fi kowanne ban sha'awa, domin da shi maigida ke koyar da gano cuta. Gurnani mai kauri alama ce ta kafasita da ta bushe ko wayar ƙasa da ta saki, ƙarar tsatsa yayin murɗa maɓalli datti ne, shaƙewar murya kuwa tana nuna an nemi na'ura ta ba da abin da ya fi ƙarfin wutarta.

Da wannan harshe ake isar da gargaɗi ma. Babbar kafasita tana riƙe wuta bayan an zare soket, tana iya jan wanda ya taɓa ta. Ga kunne kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi, lokacin kuma yana raguwa sosai da zarar an ƙara murya.

6.0 Kammalawa

Tun daga zamanin Hukumar Harshen Hausa zuwa kwamitocin jami'o'i na yau, an saba ƙirƙirar kalmomin kimiyya a kan tebur sannan a nema musu masu amfani. Rumfar gyara ta bi ta ɗaya hanyar, domin kalmar da ba ta yi aiki ba a can ba ta kwana. Sai dai wannan taska tana cikin haɗari. Akwatunan Bluetooth masu araha da haɗaɗɗun faranti daga Sin sun sa sauya abu ya fi gyara shi sauƙi, matasa da yawa kuma sun karkata ga gyaran wayar salula. In tsofaffin magyara suka kau, kalmominsu za su bi su. Ya kamata sassan Hausa da na injiniyan lantarki su haɗa hannu su naɗi hirar waɗannan mutane, su tattara kalmominsu cikin ƙaramin ƙamus, su kuma rubuta jagoran koyo da Hausar da yaran rumfa suka riga suka sani. Ga manazarcin da ke Kongo, filin wannan bincike tafiyar ƙafa ce kawai.