Kafin ka sayi katin sauti, ƙirga kafofinsa

Akwai wani ɗan ƙaramin abu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, da ake samu a shagunan kayan kwamfuta daga Narayi zuwa Barnawa har Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A kafar USB ake soka shi, a jikin ledarsa kuma an rangaɗa 7.1 da manyan lambobi. Masu shago na ce masa katin sauti, kuma shi ɗin ne. Sai dai wannan lamba ta sa mutane da dama asara da ɓacin rai.

Wani magidanci a Narayi High Cost ya haɗa kwamfutar tebur da talabijin don iyali su riƙa kallo a falo. Ya sayo lasifika shida, ya kira kafinta ya kakkafa su a bango, ya bi ƙarƙashin kafet da wayoyi. Da aka zo kan abin da zai raba wa lasifikan sauti, sai ya tuna da tsimi, ya sayo ɗan wancan abin. Aka sa fim, biyun gaba suka kama aiki, na baya ko tari. Gogan naka ya koma ya sauke wa mai lasifika kwandon masifa, alhali kayansa lafiya lau suke. Mai gyaran da aka kira bai ko kwance komai ba. Juya ɗan katin kawai ya yi, ya nuna masa kafofi biyu: ɗaya ta abin saurare na kunne, ɗaya ta makirfo. Ta ina sautin lasifika shida zai bi? Wancan 7.1 dabarar manhaja ce, ana kwaikwayon kewayen sauti a cikin kunne, amma hanyoyin nan biyu ne, hagu da dama.

Abin takaicin ma, duk abin da yake nema yana bayan kwamfutarsa, ƙura ta rufe shi. Yawancin kwamfutocin tebur da nasu sautin suke zuwa, galibi na kamfanin Realtek, wasu da kafofi shida masu launi. Sautin 5.1, wato lasifika biyar da na gurnani ɗaya, uku yake bukata: koriya ta gaba, baƙa ta baya, ruwan goro ta tsakiya da na gurnanin. Zamanin da sai an sayi kati dabam, irin Sound Blaster da kamfanin Creative ya fitar a 1989, ya daɗe da wucewa ga mai kallon fim a gida. Amma mutum zai kashe kuɗin lasifika, ya kasa sunkuyawa ya leƙa bayan kwamfutarsa!

Wanda amfilifayarsa ke da kafar HDMI ma ya huta, domin waya ɗayar nan tana ɗaukar hoto da sauti har hanyoyi takwas. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ne kan bukaci katin USB na gaske, shi kuwa akwati ne ɗan madaidaici mai kafofi a jere.

A kuma duba bayan hom-tiyatar kanta, wato na'urar da ake jona lasifikan a jikinta. Da yawa daga masu arahar nan, kafa ja da fara kaɗai suke da su na karɓar sauti. Ko katin miliyan aka haɗa musu, hagu da daman nan za su yi ta rarraba wa lasifika biyar. Haka yawancin waƙoƙi da bidiyon da ake turawa ta waya, da hanya biyu aka naɗe su tun asali. Ƙugin da kan tashi idan an koma janareta kuwa, sau da yawa daga wayoyin wuta ne da rashin wayar ƙasa, sai a nemi mai aikin lantarki kafin a ɗora wa katin laifi.

Mai niyyar saye ya ɗauki hoton bayan kwamfutarsa da na amfilifayarsa a waya, ya tafi da su shago. A buɗe kwali a gabansa, ya ƙirga kafofin da kansa. Idan ya koma gida, ya shiga saitin sauti na Windows ya zaɓi 5.1, ya danna gwaji, ya ji kowace lasifika ta amsa ita kaɗai. Kada ya yar da rasit sai shidan duk sun amsa.