Jirgi Ɗaya, Masu Shi Goma: Hanyar Rage Tsadar Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Tun cikin shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, a cikin 1964 kuwa aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya. Amma har yau ɗan talaka, kai har da ɗan mai matsakaicin hali, daga nesa ya ke hangen wannan sana'a saboda tsadarta. Hausawa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu sun fi kowa ganin abin, domin kuwa jirage suna tashi a gabansu dare da rana, daga filin Omagwa, da na Akanu Ibiam, da na Asaba a tsallaken Kwara, ga kuma masu saukar ungulu na kamfanonin mai, amma da wuya su ga ɗansu a kan kujerar matuƙi.

Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Karatun aji ba shi ke cinye dukiya ba, awoyin tashi sama ne. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, mai neman lasin na tuƙin nishaɗi sai ya yi aƙalla awa 40 a sama. Mai neman lasin na aiki, watau wanda za a biya shi albashi, sai ya cika awa 200, ko 150 idan a jere ya yi karatunsa a makarantar da aka amince da ita. Lasin mafi girma na kyaftin ɗin jiragen fasinja kuwa sai da awa 1,500. Kowace awa kuɗi ce, kuma a tsakanin lasin na farko da na biyu ne ɗalibai da yawa ke sarewa.

Dawainiyar ƙaramin jirgi iri biyu ce. Akwai wadda ba ta tasowa sai jirgi ya tashi, kamar mai da lalacewar inji. Akwai kuma wadda dole a biya ko da jirgin ya shekara a ajiye: inshora, da hayar rumfa, da binciken injiniya, da sabunta takardu. Wannan ta biyu ita ce ke karya mutum ɗaya.

Dabarar Tarayya

A Ingila da Amurka an daɗe da samun mafita. Mutane kan haɗu su sayi jirgi ɗaya, kamar Cessna 152 mai kujera biyu, ko Cessna 172 mai kujera huɗu wanda aka fara sayarwa a 1956. Kowa na da hannun jarinsa, yana biyan wani abu a wata don dawainiyar ajiya, sannan ya biya kuɗin awoyin da ya tashi. Idan su goma ne, kashi ɗaya bisa goma na inshora da rumfa ke kan kowa. Wanda ya cika awoyinsa sai ya sayar wa wani da hannun jarinsa, ya mai da mafi yawan kuɗinsa, abin da mai haya ba ya samu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga fataken Kurmi. Su ne ke haɗa kuɗi su ɗauki tirela ɗaya ta shanu ko albasa daga Arewa, su ne ke yin adashi, kuma suna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa masu raba gardama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jama'ar da ta iya gina masallaci da makaranta a baƙon wuri ba za ta kasa tunanin jirgi ɗaya domin 'ya'yanta ba.

A Yi Hattara

Sai dai jirgi ba tirela ba ne. Da farko, mallakarsa ba ta ɗauke wa kowa zuwa makaranta: lasin daga Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ya ke fitowa, ita ce kuma ke yi wa jirgin rajista da lamba mai farawa da 5N. Amfanin jirgin tarayya shi ne tara awoyi bayan lasin na farko, da kuma hana hannun wanda ya gama bai sami aiki ba yin sanyi. Mai lasin na nishaɗi kuwa ba shi da izinin ɗaukar fasinja don kuɗi.

Na biyu, man da tsofaffin Cessna ke sha yana da wuyar samu a ƙasar nan, wannan na cikin dalilan da suka sa makarantar Zariya ta koma ga jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin manyan jirage. Na uku, injin irin waɗannan jirage yana bukatar garambawul bayan kamar awa 2,000, da kayan da ake saye da kuɗin waje. Ƙungiyar da ba ta ware wani abu daga kuɗin kowace awa ba, ranar garambawul ita ce ranar watsewarta. Araha ba ta ado: kada a biya ko kwabo sai injiniya mai lasin ya duba jirgin da littattafansa.

Daga ƙarshe, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya: wa zai tashi a wace rana, wa zai biya ɓarna, yaya za a yi da wanda ya daina biya ko ya rasu. Shugabannin zango da attajiransu, idan sun yi niyya, su fara da tuntuɓar malaman Zariya kafin su buɗe asusu.