Yaushe ya kamata a sake bel ɗin taimin na mota?

A ƙasar Damargu, mota guda ce takan ɗauki hatsin manoma zuwa kasuwa, ita ce kuma takan kai marar lafiya asibiti. Daga Tanut zuwa Damagaram tafiyar kilomita kusan 150 ce. Daga Belbeji zuwa ƙauyuka kuwa, yawancin hanyoyi rairayi ne. Idan mota ta mutu a tsakanin garuruwa, samun makaniki yana da wuya. Saboda haka ya kamata masu motoci da direbobi da ƙungiyoyin manoma su san wani ƙaramin abu da ke iya kashe inji gaba ɗaya, wato bel ɗin taimin.

Mene ne aikinsa?

Bel ɗin taimin ɗamara ce ta roba mai haƙora. Yana gaban inji, a cikin murfi, shi ya sa ba a ganinsa. Ba shi ne fanbel da ake gani idan an buɗe gaban mota ba. Aikinsa shi ne ya haɗa sandar da fistin ke juyawa da sandar da ke buɗe bawul, domin kowanne ya motsa a kan lokacinsa.

Idan ya tsinke ana cikin tafiya, inji zai tsaya nan take. A injuna masu yawa, musamman na man dizal, fistin yakan bugi bawul ya lanƙwasa shi. Daga nan sai an kwance kan inji, kuma kuɗin gyara yakan ninka kuɗin sabon bel sau da yawa.

Yaushe ake sake shi?

Sau da yawa bel ɗin ba ya yin gargaɗi kafin ya tsinke. Saboda haka da lissafi ake sake shi, ba a jira sai ya nuna alama.

Na farko, lissafin kilomita. Littafin kowace mota yana faɗin adadinsa. A tsofaffin Toyota Hilux da Land Cruiser masu man dizal, kilomita 100,000 ne. A wasu na baya, kilomita 150,000 ne. Yawancin waɗannan motoci suna da fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT, wadda ke kamawa idan lokaci ya yi.

Na biyu, lissafin shekaru. Roba tana bushewa ko da mota tana ajiye. Idan bel ya kai kamar shekara 5, a sake shi ko da kilomitan ba su cika ba.

Na uku, yanayin ƙasa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. A cikin rairayi kuma inji yana juyi da yawa a ƙaramar giya, alhali kilomita kaɗan aka ci. Don haka a Damargu gara a sake shi tun adadin bai cika ba.

Wanda ya sayi motar hannu, bai san ranar da aka sa bel ɗin ba, ya sake shi kafin doguwar tafiya. Kada ya dogara da lambar kilomita kawai, domin ana iya mayar da ita baya. Wasu injuna kuma sarƙa ce gare su a maimakon bel. A tambayi makaniki domin a tabbatar.

Alamun da ba a jinkiri a kansu

A sake bel nan da nan idan makaniki ya ga tsagewa, ko haƙorin da ya cinye, ko man inji ya jiƙa shi. Mai yana lalata roba, don haka a gyara wurin yoyon tukuna.

Ranar gyara

A nemi bel mai kyau, a guji jabu. A sake ƙananan ƙafafun da ke ɗaure shi a lokaci guda. Idan shi ke juya famfon ruwa, a sake famfon ma. Kada a yarda a kashe fitilar T-BELT ba tare da an sa sabon bel ba. A ƙarshe a rubuta kwanan wata da lambar kilomita a littafi, a ajiye shi cikin mota, domin direban da zai zo daga baya ya sani.